Wasiƙa zuwa ga ɗana da ke karatu a Nottingham

Assalamu alaikum, ya kai ɗana.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kuma sanyin Ingila bai takura maka ba. Mu nan gida lafiya lau, Ummanka da ƙannenka suna gaishe ka.

Saƙonka ya iso. Ka ce 'yan ajinku sun shirya ranar Asabar za su kai ku, ku baƙi, ganin tsohuwar mashayar nan Ye Olde Trip to Jerusalem, kana neman shawarata. Na ji daɗi da ka tambaya, don da ka yi shiru ka tafi, ba wanda zai zo Kano ya gaya mini.

Na san wurin, an taɓa bi da mu ta nan shekarar da na je kwas. Farin gini ne ɗan madaidaici, manne da gindin dutsen da tsohuwar fadar garin take kai. Ɗakunan ciki koguna ne da aka sassaƙa a jikin dutsen mai laushi, kuma sanyinsu ba ya sauyawa rani da damina, shi ya sa tun da can ake ajiye giya a ciki. Za ka ga an rubuta 1189 da manyan baƙaƙe a bango, da iƙirarin cewa babu masaukin da ya girme shi a Ingila. Masana tarihi kuwa sun ce ginin da ke tsaye yanzu na ƙarni na 17 ne, kuma a garin kaɗai akwai wasu mashayu biyu, Bell Inn da Salutation, da ke jayayya da shi a kan tsufa. Akwai wani ɗan jirgin ruwa na ado da ƙura ta rufe, an sa shi a gilashi, wai duk wanda ya goge shi mutuwa zai yi. Ka ga ashe camfi ba a ƙasar Hausa kaɗai yake ba.

Sunan wurin nake so ka lura da shi, don Jerusalem ɗin da ke cikinsa ita ce Ƙudus. A 1189 Sarki Richard ya hau gadon sarautar Ingila, ya kuma ɗaura ɗamarar yaƙin Salibiyya, kuma labarin da suke bayarwa shi ne mayaƙan da suka nufi Ƙudus a nan suke yada zango. Wanda suka tafi yaƙa shi ne Salahuddin al-Ayyubi, da ya karɓo birnin a 1187. A 1192 aka yi sulhu, Ƙudus ta zauna a hannun Musulmi, aka bar Kiristoci su riƙa zuwa ziyara, Richard ya juya bai shiga birnin ba. Idan zancen ya taso, ka faɗi wannan cikin natsuwa. Abokanka ba su ne suka yi yaƙin ba, kada ka ɗaga musu murya.

To, ga shawarata. Ka je da rana, ka ga ginin da kogunan, ka fito. Kada ka zauna. Ka san hadisin da ya hana mai imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. Kuma akwai al'adarsu da ba lallai an gaya maka ba: idan aka zauna a ƙungiya, mutum ɗaya ke zuwa kanta ya sayo wa kowa, in an shanye wani ya tashi, har layi ya zo kanka. Ko lemo kake sha, za ka wayi gari ka sayi giya da kuɗinka ka ɗauko ta da hannunka, alhali mai sayenta da mai ɗaukarta suna cikin waɗanda aka la'anta. Wannan ne ya fi damuna, don kunya ce za ta kai ka, kuma na san ka da jin nauyin mutane. Abincin ma ka kiyaye, ana kwaɓa fulawar soya kifi da giya, ana dafa nama da ita.

Saboda haka tun kafin Asabar ka gaya musu a fili: za ka zo kallo, ba za ka zauna ba, addininka ne ya hana. Yawancinsu za su girmama maganar in ka faɗe ta sau ɗaya ba kame-kame. Sai ka gayyace su shan shayi wani wuri bayan nan, kai ka biya, don kada su ɗauka gudunsu kake yi. In kogunan ne suka burge ka, akwai sama da 800 a ƙarƙashin garin, kuma ana shiga wasu a wurin yawon buɗe ido da ake kira City of Caves ba tare da an ratsa mashaya ba.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai ranar da na ga wurin. Gidan giya ne fa, amma ko dutse ɗaya ba su bari ya faɗi ba, mu kuwa ganuwar Kano da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu muna kallo ana ɗibar ƙasarta ana gini a kai. In ka dawo hutu za mu zagaya da kai ka ga abin da ya rage.

Ka duba lokacin Azahar kafin ku fita, yinin hunturu gajere ne a can, La'asar na shiga da wuri. Ummanka ta ce ka sa rigar sanyi mai kauri, ka kuma turo mata hoton kogon. Allah ya yi maka albarka, ya tsare mana kai.

Mahaifinka.