Godiya ga Kamfanin Light in the Attic kan Waƙoƙin Rodriguez

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Light in the Attic Records, Amurka.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne in gode muku a bainar jama'a. Na lura duk wanda ya tashi zancen mawaƙi marigayi Sixto Rodriguez, fim ɗin Searching for Sugar Man da aka yi a kan rayuwarsa yake yabawa, ku kuwa ba a cika ambatonku ba, alhali kun riga fim ɗin zuwa.

Tun 2008 kuka sake fitar da Cold Fact, faifansa na 1970, da shekara ta zagayo kuka biyo da Coming from Reality na 1971. Fim ɗin, wanda Malik Bendjelloul ya shirya, bai fito ba sai 2012, lambar Oscar kuma sai 2013. Ke nan kun zuba kuɗinku a kan mawaƙin da ƙasarsa ta manta da shi, ba don ana rububinsa ba, sai don kun saurara kun ji akwai magana a ciki.

Kuma akwai ta. Ɗan baƙi ne 'yan Meziko, haifaffen Detroit a 1942, da jitarsa yake waƙe talauci da ƙwaya da mahukuntan da ba ruwansu da talaka. Faifan biyu ba su yi kasuwa a Amurka ba, ya koma leburancin gini da rushe tsofaffin gidaje, ya yi digiri a falsafa a Jami'ar Wayne State, har ya nemi kujerar magajin gari bai samu ba. Duk wannan lokaci bai san matasan Turawan Afirka ta Kudu da suka gaji da mulkin wariyar launin fata sun haddace waƙoƙinsa ba, har ana ta jita-jitar ya mutu. Sai a 1998 ya je suka gan shi da idonsu.

Ina son fim ɗin, amma ya tsallake zagayen wasannin da Rodriguez ya yi a Ostareliya a 1979 da 1981, don labarin ɓacewar ya fi armashi. Faifanku kuwa ba su ƙara masa gishiri ba: muryarsa ce tangaran, da kiɗan yadda aka ɗauke shi tun farko.

Ya rasu ranar 8 ga Agusta, 2023, yana da shekara 81, bayan ya ga jama'ar ƙasarsa sun dawo suna sayen waƙoƙinsa. Da hannunku a wannan. Allah Ya ƙara wa kamfaninku kasuwa.

Naku,
Wani mai sauraro.