Zuwa ga ɗalibin da ya tambaye ni ko a sayar da gona a tura shi waje

Assalamu alaikum, ƙanena.

A taron ɗaliban injiniya da aka gayyace ni kwanakin baya, ka miƙe a gaban jama'a ka ce mahaifinka ya yi maka tayin sayar da gonarsa domin ka tafi ƙasar waje karatu. Sannan ka tambaye ni ko fitar da na yi ta canza ni da gaske, ko kuwa takarda kawai na dawo da ita. Lokaci ya ƙure, na ba ka amsa a gurguje, kuma tun daga ranar raina bai kwanta da ita ba. Tun da a bainar jama'a ka yi tambayar, bari in amsa maka a bainar jama'a, don na san ba kai kaɗai ke wannan tunani ba.

Ta canza ni. Amma abin da ya fi canza ni ba a cikin aji na same shi ba.

Na yi digiri na biyu a fannin ruwa a birnin Delft na ƙasar Holan. Darussan suna da kyau, ɗakin karatu cike da littattafai, wuta ba ta ɗaukewa. Sai dai lissafin gudun ruwa a cikin kwata iri ɗaya ne da wanda malamanmu na gida suka koya mana, kuma sun koyar da shi da kyau. Inda idona ya buɗe shi ne watannin da na yi ina horon sanin makamar aiki a wata hukumar ruwa ta yanki.

Ka san kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da tsayin teku. A 1953 teku ya fasa jinga cikin dare, mutum 1,836 suka rasu. Na tafi da zaton zan ga manyan ƙofofin ƙarfe da injuna, kuma na gan su. Amma aikin da aka fara ba ni shi ne in bi wani dattijo mu taka bakin jinga da ƙafa, muna duba tsagewa, muna duba inda ruwa ke tsattsafowa, muna rubutawa. Hukumomin ruwan nan 21 ne a faɗin ƙasar, wasunsu asalinsu ya kai ƙarni na 13, suna karɓar harajinsu da kansu, jama'a kuma ke zaɓen wakilansu duk bayan shekara 4. Har ma'aikata gare su waɗanda aikinsu kawai kama wani irin ɓeran ruwa mai kama da gafiya, domin yana haƙa rami a jikin jinga ya raunana ta. A makon farko na ji kamar an raina karatuna. Kafin wata ya cika na gane cewa wannan yawon da littafi a hannu shi ne ainihin abin da ke riƙe da ƙasar, ƙarfen kuwa yana biye ne.

Wata rana aka kai mu Nijmegen, a bakin kogin Waal. Bayan ambaliyar 1995, wadda ta sa aka kwashe mutum kusan 250,000 daga gidajensu, sun yanke shawarar daina ƙara wa jinga tsayi kawai. A can sun matsar da jingar baya da mita 350, suka haƙa wa kogin wata hanya ta biyu domin ya sami wurin shaƙatawa idan ya kawo. Ina tsaye a wurin, zuciyata tana Haɗejiya. Na tuna kachalla, doguwar ciyawar ruwan nan da ta toshe hanyoyin ruwa daga Haɗejiya zuwa Nguru. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, ana sakin ruwa har da rani, wuraren da a da suke bushewa suka daina bushewa, ciyawar ta sami gindin zama. Ta tare ruwa ya koma gonaki da gidaje, ta hana masunta wucewa da kwalekwale, ta zama maɓoyar tsuntsaye jan-baki masu cinye shinkafa. Na girma ina ganin wannan, amma ban taɓa kallonsa a matsayin aikin da injiniya zai ba rayuwarsa ba. Burina kafin in tafi shi ne kamfanin mai ko babban kamfanin gine-gine a Abuja. Daga ranar nan burin ya koma kogi, kuma har yau a kansa nake.

Akwai kuma abin da zaman ya koya mini game da kaina. Shugabana a wurin aiki ya ce in riƙa kiran sa da sunansa, abin da ya yi mini nauyi ƙwarai, ni da aka rena a kan ba a kallon babba ido cikin ido. Ranar da na ga kuskure a wani lissafi na yi shiru saboda kunya, da ya gano daga baya bai ɓoye ɓacin ransa ba. Ya ce shirun da na yi zai iya jawo asarar rai. Na koyi faɗin gaskiya a wurin aiki ba tare da na zubar da ladabin gidanmu ba, kuma wannan ya ɗauke ni lokaci. Na yi azumin fiye da awa 18 a tsakiyar bazararsu, na sha ruwa ni kaɗai a ɗaki, na yi sallar idi na wuce aiki a kan keke. Duk wanda ya ce maka kaɗaici ba ya cin mutum a can, bai gaya maka duka ba.

Yanzu maganar gona. Ina roƙonka kada a sayar. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, kuma ɗalibai da yawa da iyayensu ke biya musu daga aljihu sun maƙale a tsakiyar karatu. Waɗanda ke Sudan yaƙi ya koro su a watan Afrilun 2023 da karatu rabi. A farkon 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Kuɗin gona na ƙarewa a shekara ɗaya, ƙannenka kuma da ita za su ci. Ka ƙarasa digirinka a gida da sakamako mai kyau, ka yi hidimar ƙasa, sannan ka nemi tallafin karatu. Akwai PTDF a nan gida, akwai DAAD na Jamus, akwai Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, akwai Chevening na Birtaniya wanda ke neman shekara 2 ta gogewar aiki. Idan za ka zaɓi kwas, ka tambaya tun farko ko yana ɗauke da watannin aiki a wata ma'aikata. Ni a wurina wannan ya fi sunan jami'ar muhimmanci.

Kuma kada ka jira sai ka hau jirgi. Ka ce kana aji uku, wato wata 6 na SIWES, horon sanin makamar aiki na ɗalibai, suna gabanka. Na san yadda ake yi, a je a sa hannu a littafi a koma gida. Kai ka nemi wurin da za a sa ka aiki, ko da a gonakin noman rani na Kadawa ne ko na Auyo, ka bi masu buɗe ƙofar ruwa, ka tambayi manomi me ke damunsa. Wanda ya tafi waje da tambaya daga gida ya san abin da zai nema idan ya isa. Ni sai da na isa can na gano tawa, kuma na yi asarar watanni kafin nan. Lokacin da dam ɗin Alau ya ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya shanye unguwannin Maiduguri, abin da na riƙa tunawa shi ne dattijon nan da littafinsa, da yadda muke da ƙarancin masu yin irin aikinsa.

Idan damina ta yi nisa muna fita awon ruwa a yankin Haɗejiya, muna karanta sandunan awo safe da yamma. In hutunka ya zo daidai, ka neme ni ta hannun shugabannin ƙungiyarku, ka taho da takalmin roba da littafin rubutu. Ka gaishe mini da Baba, ka kuma karanta masa wannan wasiƙa.

Naka,
Yayanka injiniyan ruwa