Aiki Ɗaya, Albashi Biyu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in koka kan halin da mu ma'aikatan kwantiragi muke ciki a bankuna. Ni da abokiyar aikina a kanta ɗaya muke zama, muna ƙirga kuɗi har yatsu su yi baƙi. In lissafi ya ƙi daidaita, tare muke kaiwa isha'i. Amma albashinta ya ninka nawa, ga alawus, ga ƙarin girma, don kawai ni wani kamfani ne ya kawo ni. Ba hassada nake mata ba, guminta ne.

In ka yi magana, manaja ya ce ga ƙofa nan, masu neman aiki sun yi layi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Najeriya, NLC, ta tsaya kai da fata har mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Yaushe za ta waiwaye mu?

Wata mai karatu, Kano