Wasiƙa daga Landan: Ayuba a hannun mai sassaƙa

Aminina,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, da iyali da su Baba, Allah ya ƙara musu lafiya. Ya zafin Zariya? Mu nan ruwa ne da sanyi, ba dare ba rana.

Ka ce in riƙa ba ka labarin abin da nake gani, to ga na wannan karon. Akwai wani Bature, William Blake, mawaƙi kuma mai zane, an haife shi a Landan a 1757. A ƙarshen rayuwarsa, yana fama da talauci, wani matashin mai zane abokinsa, John Linnell, ya ba shi aikin sassaƙa ƙissar Ayuba yadda ta zo a Baibul. Hotuna 21 ne, suka fito a 1826, shi kuma ya rasu a 1827. Ba fenti ba ne fa. Farantin jan ƙarfe ake tsagawa da tsinin ƙarfe, layi bayan layi, a cusa tawada cikin tsagar, a danna takarda a kai. Komai a juye ake yin sa, har rubutu, don ya fito daidai. Dattijo mai kusan saba'in, ka duba wannan aiki.

Na san abin da za ka ce, kuma da gaskiyarka: mu ba ma zana annabawa. Ni ma ban kalle shi a matsayin surar Annabi Ayuba, alaihis salam, ba. Tunanin wani mutum ne a kan wahala.

Hoto na shida yana cikin waɗanda suka fi shahara. Ayuba na kwance, Shaiɗan ya taka shi yana zuba masa cutar marurai daga wani ɗan tulu, matarsa ta durƙusa wajen ƙafafunsa ta rufe fuska, rana na nutsewa a bayansu. Kafin nan 'ya'yansa goma sun mutu, tumaki 7,000 da raƙuma 3,000 sun tafi.

Amma wallahi na goma ne ya tsaya min a rai. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, da suka zo jaje, sun miƙo hannuwansu gaba ɗaya suna nuna shi da yatsa. Hujjarsu ita ce, da bai yi wani laifi ba da Allah bai jarrabe shi haka ba. Shi ko ya ɗaga kai sama, jiki duk tabo, hawaye na zuba. Blake bai ba su fuskar mugaye ba, mutanen kirki ne masu ganin nasiha suke yi, kuma nan ne ciwon yake. Sai na tuna zaman da aka yi lokacin karayar kasuwancinka, da masu zuwa da "ai da ka ji shawara". Ban yi maka maganar ba a lokacin, amma na ji yadda ka ji.

Na sayi ɗan littafin da aka buga hotunan a ciki. Idan na sami mai zuwa gida kafin Sallah zan ba shi ya kawo maka, in ba ka so ka faɗa min tun da wuri. Ka gaida uwargida da yara.

Naka har kullum,
amininka na Landan