Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga malamin da ya tambaye ni ko gasa nake da Mahalicci

Malam, assalamu alaikum.

Ranar Asabar, a gaban ɗalibanka da nawa, ka miƙe ka tambaye ni ko mu masu haɗa wasannin kwamfuta na rikiɗar halittu gasa muke yi da Mahalicci, sannan ka ɗora da cewa wasan yara ne da ba ya kawo ko sisi. Lokaci ya ƙure ban amsa ba. Batun sisi bai dame ni ba, ban taɓa ce wa kowa sana'a ce ba. Tambayar farko ce ta hana ni barci, domin imanina ka taɓa a bainar jama'a, alhali shekara da shekaru sahu ɗaya muke bi.

Abin da ke cikin wasan nan lambobi ne. Kowane ɗigon da ka ga yana yawo a fuskar kwamfuta jerin lambobi ne da ke faɗin gudunsa da girmansa da nisan ganinsa. In ya sami abinci sai a kwafi lambobinsa a sabon ɗigo, kwafin kuma yakan zo da ɗan kuskure. Wanda kuskuren ya taimaka masa ya riga saura kai wa abinci, irinsa su yawaita. Wanda ya cutar, irinsa su ƙare. Babu rai a ciki, kuma babu wanda ya fi ni sanin haka, tunda ni na rubuta shi layi-layi, kuma in aka ɗauke wuta duk sun tafi.

Ba ni na fara ba. A 1990 Thomas Ray, masanin halittu da ya yi bincike a dazukan Kosta Rika, ya rubuta manhajar kwamfuta mai suna Tierra. Ya saki ƙaramar manhaja guda a cikinta mai umarni 80 da ke kwafin kanta, ba a jima ba sai ga wasu masu umarni 45 da ba sa iya kwafin kansu sai sun jingina da na wasu, tamkar kaska a jikin saniya. Shi bai rubuta kaskar ba, ƙa'idar nan ta kwafi da kuskure ce ta fito da ita. A 1994 Karl Sims ya nuna siffofin tubala na cikin kwamfuta da suka koyi iyo da tsalle ta wannan hanya, a kan kwamfutar da sai manyan cibiyoyi ke da irinta. Yau mutum ɗaya a ɗakinsa yana iyawa: haka Léo Caussan ya fara wasan The Bibites, wasan Thrive kuma akasari 'yan sa-kai ne ke gina shi. Babban kamfani ya fitar da wasan Spore a 2008, amma a can mai wasa ne ke zaɓa wa dabba ƙafa da baki. Masu yi don sha'awa su ne suka bar ƙa'idar ta yi aikinta.

Kana neman amfani? Kai ma ka sha kulorokwin kana yaro. A 2005 Najeriya ta cire shi daga matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro, domin ƙwayar cutar ta daina jin sa. Idan na zuba guba kaɗan a wasana, 'yan tsirarun da suka tsira su cika fuskar kwamfuta cikin minti goma, yaro ya ga dalilin da idonsa. Na sha bayyana wannan a allo ba a gane ba.

Abin da ya ƙara min ciwo, Malam, shekara biyu ka san ina wannan aiki ba ka ce uffan ba, sai da ɗalibanka suka fara zuwa wurina da yamma. Kuma ba kai kaɗai ba ne. Duk matashin da ya taɓa kimiyyar halittu a wajenmu, kafin a tambaye shi me ya gano an tambaye shi ko yana sallah. Na san yara biyu masu kaifin basira da suka ajiye abin saboda irin tambayarka.

Ka zo ranar Alhamis bayan la'asar, in buɗe maka rubutun manhajar ka duba da kanka. In ka sami layi guda da ke da'awar halitta, zan goge wasan a gabanka. In ba ka samu ba, ina roƙon ka janye maganar a gaban ɗaliban da ka faɗe ta.

Wassalam.