Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaba Bola Ahmed Tinubu Kan Ƙidayar Jama'a

Mai Girma Shugaban Ƙasa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne, ranka ya daɗe, domin in roƙe ka ka tsayar da ranar ƙidayar jama'a, ka kuma saki kuɗin gudanar da ita.

Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006, lokacin da aka samu mutum miliyan 140. Wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023 an ɗage ta ana saura 'yan kwanaki. Jariran da aka haifa a shekarar waccan ƙidaya yanzu sun isa jefa ƙuri'a, wasunsu ma sun yi aure, amma da ƙiyasi ake tsara musu makaranta da asibiti.

A Koriya ta Kudu matsakaicin haihuwa ya faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace a 2023, yawan mutanen China ya fara raguwa a 2022, Japan kuma tana rufe makarantu saboda ƙarancin yara. Waɗannan ƙasashe sun gane halin da suke ciki ne saboda suna ƙidayar mutanensu a kai a kai. Mu kuwa ƙaruwa muke yi, kuma ba bai ɗaya ba: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwa 5.3, amma a Arewa maso Yamma 6.6 ne, a Kudu maso Yamma kuma 3.9. 'Ya'ya kyautar Allah ne, ba na kukan yawansu. Abin da ke damuna shi ne yadda ake aika malamai, ungozoma da allurar rigakafi bisa tsohon lissafi, sai aji ya cika ya batse, yara na zaune a ƙasa.

Na san abin da ke sa gwamnatoci ɗari-ɗari. An soke ƙidayar 1962 da ta 1973, Jihar Legas kuma ta ƙi amincewa da sakamakon 2006, domin rabon arzikin ƙasa da kujerun majalisa sun rataya a kan alƙaluman. Jinkiri ba zai kawar da wannan gardama ba. A ɗauki hoton yatsun kowa domin hana aringizo, a jawo sarakuna da malaman addini tun daga farko, a kuma tanadi tsaron da zai kai ma'aikatan Hukumar Ƙidaya ƙauyukan Zamfara da sansanonin 'yan gudun hijira na Borno.

Naka mai biyayya,
Wani malamin firamare daga Katsina