Wasiƙa daga Baltimore kan karatun ɗiyarka

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da Inna da duk mutanen gida a Gusau. Mu ma lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa.

Maganar da muka fara ta waya ce ta sa na ɗauki alƙalami, don layi ya yi ta yankewa, kuma na ji a muryarka ba ka gamsu ba. Ka ce yarinya ta gama digiri, me ya rage in ba aiki da aure ba, kuma wa zai ɗauki nauyin wani karatun na digirin digirgir na shekara biyar ko shida?

Batun kuɗi dai ka kwantar da hankalinka, ko sisin kwabo ba zai fita daga aljihuna ba, ba kuma bashi za ta ci ba. Ta samu tallafin wata ƙungiya mai suna GEM, wadda aka kafa a 1976 don baƙar fata da sauran tsirarun Amurka su samu hanyar yin manyan digiri a kimiyya da injiniya. Kamfanoni da jami'o'i ne ke haɗa hannu, a biya kuɗin makaranta, a ba ɗalibi alawus na abinci da haya, lokacin hutun bazara kuma ya je ya yi aiki a kamfanin da ya ɗauki nauyinsa.

Ka san tun digirin farko a Jami'ar Maryland ta gundumar Baltimore, cikin shirin tallafa wa ɗaliban kimiyya na Meyerhoff ta taso. Wani attajiri, Robert Meyerhoff, shi da matarsa suka zuba dukiyarsu aka kafa shi a 1988, tare da Farfesa Freeman Hrabowski, wanda daga baya ya shugabanci jami'ar. Wannan Farfesa yana ɗan shekara 12 aka kulle shi a Birmingham ta jihar Alabama a 1963, saboda ya shiga zanga-zangar yara ta neman 'yancin baƙar fata. Ranar da ɗiyarka ta ba ni wannan labari, na daɗe ban ce komai ba. Mu da muka zo jiya da jakarmu a hannu, rijiyar da muke sha wasu ne suka haƙa ta da hawaye, jikokin waɗanda aka kwaso daga ƙasashenmu a ɗaure. Kullum ina tuna mata haka, kada ta kuskura ta ɗauka wayonta kaɗai ya kai ta.

Ba kuma sadaka ba ce, Yaya. Kafin ɗaliban shirin su fara aji ɗaya sai da aka tsare su mako shida ana gasa su da lissafi, kuma tun daga ranar farko ake faɗa musu digirin digirgir ake so su kai. Kizzmekia Corbett, wadda ta yi aiki a kan rigakafin korona na Moderna, daga wannan shirin ta fito.

Abin da na fi so ka isar wa Inna shi ne abin da za ta bincika: yadda ake gano dalma a ruwan sha da hanyar tace ta da araha. A nan an yi bala'in garin Flint tun daga 2014, inda tsofaffin bututu suka zuba wa yara dalma a ruwan famfo. Amma ita kam ƙauyen Bagega take ambata. Tana ƙarama ta ji muna jimamin yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukanmu na Zamfara a 2010, wajen niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje, ashe abin ya zauna mata a rai. Ni ba zan iya ce wa mai wannan niyya ta tsaya ba. Aure kuwa ba ta ƙi ba, in Allah ya kawo na gari za a yi, karatu bai hana ba.

Damuwata ɗaya ce. Tun da Kotun Ƙoli ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a Yunin 2023, irin waɗannan shirye-shirye suka shiga matsi, a 2025 kuma gwamnatin Trump ta soke tallafin bincike da yawa masu alaƙa da tsiraru. Shi ya sa na ce ta shiga yanzu, kada ta ce sai baɗi.

Sai maganar babban ɗanka. Gaskiya ita ce wannan tallafin ba zai same shi ba, don sai ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin. Kada ya ba wani ɗan damfara kuɗi a kan haka. Amma yawancin jami'o'in nan suna ɗaukar baƙi digiri na uku a kimiyya, su yafe kuɗin makaranta, su biya alawus, shi kuma ya taya koyarwa ko aikin ɗakin gwaje-gwaje. Ya turo sakamakonsa na jami'a da sunayen malamai uku da za su rubuta masa shaida, 'yar'uwarsa ta ce za ta duba masa takardun kafin Disamba, lokacin da galibi ake rufe karɓa.

A gaida Inna ƙwarai, a roƙa mana ita ta sa wa jikarta albarka. In an samu mai zuwa, a haɗo mana da kuka da daddawa.

Naka,
Ƙaninka